Zaɓen Fidda Gwani a Idon Dattawan Rano da Kibiya

Ranar 7 ga Yunin 2022, da jam'iyyar APC ta hallara a dandalin Eagle Square da ke Abuja don tsayar da ɗan takararta na shugaban ƙasa, kujera uku aka ware wa ƙaramar hukumar Rano, uku kuma aka ware wa Kibiya. Kwana goma kafin nan, a taron PDP da aka yi a filin wasa na Moshood Abiola, abin bai ma kai haka ba, domin daliget ɗaya tak aka ba kowace ƙaramar hukuma. Ke nan duk jama'ar da ke tsakanin Rurum da Saji, da ta Tarai da Durba da Saya-Saya, manomansu da mahautansu da malaman allonsu da matan da ke cikin gidaje, mutum takwas ne suka yi magana da yawunsu a manyan jam'iyyun biyu, a kan wanda zai nemi mulkin ƙasa mai mutum sama da miliyan 200.

Haka ta faru ne saboda Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana masu riƙe da muƙamai, irin su gwamnoni da 'yan majalisa da shugabannin jam'iyya, jefa ƙuri'a a zaɓen fidda gwani don kujerarsu kawai, sai zaɓaɓɓun daliget. Majalisar Tarayya ta yi gaggawar gyara wannan sashe a watan Mayu, amma Shugaba Muhammadu Buhari bai sa hannu ba har aka yi tarukan aka gama. Jihar Kano mai ƙananan hukumomi 44 ta tafi taron APC da daliget 132, adadin da babu jihar da ta kai. Duk da haka, idan ka sauka a tashar Rano ka tambayi mutum goma sunan waɗanda suka wakilce su, da wuya ka sami wanda zai lissafa maka su ukun.

Bayan an gama, sai saƙo ya dawo gida cewa jam'iyya ta tsayar da gwaninta, kowa ya yi haƙuri, a haɗa kai. Wanda kuma aka fi dogara da shi ya amsa wannan kira shi ne mutumin da wannan rahoto ya shafa.

Ba a cika jin muryarsa a shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyon Kano ba, inda sojojin baka ke cin kasuwarsu kowane dare. Yawanci ya haura shekara hamsin. Yana noman dawa da masara da gyaɗa da damina, in yana da fili a ɓangaren da ruwan Tiga ke kaiwa ya taɓa shinkafa ko tumatir da rani. Ba ya wasa da sallar asuba a jam'i. In ya haɗu da dagaci ko hakimi yana rusunawa, ba don tsoro ba, don haka ya taso ya ga ana yi. Ya tsani a zagi babba a bainar jama'a, ko da babban nan abokin hamayyar gwaninsa ne. Yana son a bar abu yadda aka gada sai in ɓarna ta bayyana a cikinsa. 'Yan boko suna kiran irinsa ɗan mazan jiya, amma kuskure ne a ɗauka dukansu 'ya'yan 'yan NPC ne. Da yawansu jikokin 'yan NEPU ne, waɗanda kakanninsu suka sha ɗauri a kan bin Malam Aminu Kano, su kuma shekaru da nauyin iyali suka mayar da su masu son zaman lafiya da bin tsari.

In aka kawo masa sunan mai neman shugabancin ƙasa, ba takardar manufofi yake fara nema ba. Tambayoyinsa sanannu ne a kowace majalisa ta ƙofar gida bayan la'asar. Ɗan wane ne? Wa ya san shi? Ya taɓa riƙe wani abu, kuma yaya ya bar shi? Yana da addini? Bakinsa yana da linzami? Wa ya ɗauko shi a siyasa, kuma yaya suka ƙare? Wannan ta ƙarshen tana da nauyi ƙwarai a wajensa, domin a lissafinsa wanda ya ci amanar ubangidansa ba zai riƙe ta talaka ba. Mai karatu na iya cewa wannan ma'auni ya tsufa. Ni ban ga tsufansa ba. A ƙasar da kowane ɗan takara ke hayar masana su rubuta masa kundin alƙawura, tarihin mu'amalar mutum da mutane ya fi kundin gaskiya.

Da wannan ma'auni ya kalli jerin waɗanda suka sayi fom a 2022, na APC a kan naira miliyan 100, na PDP a kan miliyan 40. Kuɗin fom ɗin kansa ya tayar masa da hankali, don ya san buhun masara nawa za a sayar kafin a haɗa su, ya kuma san wanda ya zuba irin wannan dukiya zai nemi inda zai fanshe.

Farfesa Yemi Osinbajo ya sami yabo a bakin irin waɗannan dattawa saboda natsuwarsa, da yadda ya riƙe ƙasa a 2017 lokacin da Buhari ke jinya a Landan. Amma abin da ya tsaya musu a rai shi ne ya fito ya kara da Bola Tinubu, wanda ya yi wa kwamishinan shari'a shekara takwas a Legas. A nan na saɓa da su. Takara ba butulci ba ce, kuma in aka ce duk wanda aka taɓa taimaka wa ba shi da ikon neman kujera sai ubangida ya ƙoshi, to an rufe ƙofa ga duk wani mai basira da bai gaji arziki ba. Rotimi Amaechi an san shi da aikin jirgin ƙasa, har da layin da aka tsara daga Kano zuwa Maraɗi, sai dai ana ganin bakinsa da kaifi. Ahmad Lawan ɗan Arewa ne, mai sanyin hali, amma yadda aka fito da shi ne ya ɓata lamarin: ana jajibirin taro shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya sanar da cewa shi ne ɗan takarar maslaha, gwamnonin APC na Arewa kuma suka ce ba da su ba, sun riga sun tsaya a kan mulki ya koma Kudu. Dattijon Kibiya yana son maslaha, amma ya san bambancin wadda aka zauna aka yi da wadda aka jefo daga sama.

Tinubu kuwa, hujjar da ta fi shiga kunnen wannan mai zaɓe a kansa ita ce ta ramuwar alheri. An ce ya tsaya wa Buhari a 2015, an yi alƙawari, kuma Bahaushe ba ya son a ce ya karya alƙawari. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje yana cikin na gaba-gaba wajen tallata shi. Da aka ƙirga, Tinubu ya sami ƙuri'a 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Lawan 152. Da ya ɗauki Kashim Shettima mataimaki a watan Yuli, wasu malamai suka hau mumbari da zancen Musulmi da Musulmi, abin da ya ja wasu dattawan da ke ɗari-ɗari suka sauko.

A PDP an ga abin da irin wannan mutum ke kira dattako, lokacin da Aminu Waziri Tambuwal ya hau dandamali ya janye wa Atiku Abubakar. Atiku ya ci da 371, Nyesom Wike, gwamnan Ribas a lokacin, ya zo na biyu da 237, Bukola Saraki ya sami 70. Sai dai abin da aka yaba a Arewa shi ne aka ɗauka cin fuska a Fatakwal, kuma daga wannan dare jam'iyyar ba ta sake zama ɗaya ba.

Abin da haɗin kai ke nufi a wajensa

In ka zauna da waɗanda suka yi wayo a Jamhuriya ta Biyu, misalin da suke fara kawowa shi ne na NPN a Disambar 1978. Shehu Shagari ya zo na ɗaya a zagayen farko amma bai kai adadin da ake bukata ba. Maimakon a je zagaye na biyu, Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, da Adamu Ciroma suka janye masa. Ba su fice daga jam'iyya ba, ba su koma gefe suna zagon ƙasa ba. Ciroma ya yi minista a gwamnatin Shagari, Ɗanmasani ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, Olusola Saraki da shi ma ya nema ya zama jagoran Majalisar Dattawa. Ko wanda bai taɓa zaɓar NPN ba, kuma a Kano su ne suka fi yawa, yana ambaton wannan da girmamawa.

Na biyu shi ne na Disambar 2014 a filin wasa na Teslim Balogun a Legas. Buhari ya sami 3,430, Rabi'u Musa Kwankwaso 974, Atiku 954. Kwankwaso yana gwamnan Kano a lokacin, ya dawo gida ya yi wa wanda ya kayar da shi aiki, Kano ta ba Buhari ƙuri'a 1,903,999 a Maris ɗin 2015. A idon dattijon Rano wannan ita ce siyasa: a kara, a ƙirga a gaban kowa, wanda ya faɗi ya ɗaga hannun wanda ya ci, wanda ya ci kuma ya taka har gida ya ba da haƙuri.

Yakan kwatanta jam'iyya da gandu, inda 'yan'uwa ke noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya. Ƙane ba ya ɗaukar fartanyarsa ya fice don an ba wa yayansa riƙon gida. Amma shi da kansa zai gaya maka cewa gandu ba ya watsewa sai in mai rabo ya fara fifita ɗakinsa.

A 2022 kuwa kowa ya ga yadda aka watse. Kwankwaso ya bar PDP a watan Maris ya koma NNPP. Peter Obi ya fice ana saura kwana uku taro ya tafi LP. Wike da gwamnoni huɗu, na Oyo da Binuwai da Inugu da Abiya, suka kafe sai Iyorchia Ayu ya sauka daga shugabancin jam'iyya, tunda ɗan takara da shugaban jam'iyya duk daga Arewa suke. Ba a sauke shi ba, su ma ba su sauko ba. A zaɓen Fabrairun 2023 Tinubu ya ci da 8,794,726. Atiku ya sami 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. Mutum ukun nan duk a PDP suke a farkon 2022, kuma in aka haɗa ƙuri'unsu sun haura miliyan goma sha huɗu da rabi. Ba a cewa da sun tsaya tare duk waɗannan ƙuri'u za su zuba a akwati ɗaya, don wanda ya bi Obi a Anambra ba lallai ya bi Atiku ba. Amma tazarar ta yi yawan da ba za a kawar da kai daga gare ta ba.

Inda rigimar manya ke sauka

Abin da ya sa mutumin Rano ke ɗaukar rabuwar jam'iyya da zafi fiye da na wasu wurare shi ne ya ga ta taɓa abin da ya fi daraja a wajensa, wato sarautar garinsa, kuma ba sau ɗaya ba.

Rano tana cikin Hausa Bakwai. Sarkinta ake wa kirari da Autan Bawo, kuma a rabon ayyukan da tarihin baka ya kawo, ita da Kano ne sarakunan baba, masu rini da saƙa. Daga baya ta koma ƙarƙashin Kano, sarkinta ya zama a matsayin hakimi, amma mutanenta ba su taɓa mance asalinsu ba. A 1979 PRP ta ci Kano, Muhammadu Abubakar Rimi, ɗan Sumaila a nan Kano ta Kudu, ya zama gwamna. Ba a daɗe ba jam'iyyar ta dare biyu, 'yan Santsi suna bayan Rimi da Balarabe Musa na Kaduna, 'yan Taɓo suna bayan Malam Aminu. Cikin wannan yanayi, a 1981, Rimi ya ɗaga darajar wasu masarautu, ciki har da Rano da Gaya da Ƙaraye. A shekarar ce kuma takardar tuhumar da gwamnatinsa ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero ta jawo tarzomar 10 ga Yuli, wadda aka kashe Dakta Bala Muhammad a cikinta. Malam Aminu ya rasu a Afrilun 1983, Rimi ya koma NPP ya faɗi zaɓe, Sabo Bakin Zuwo na ɓangaren Taɓo ya hau, ya soke masarautun. Rano ta koma inda take.

Bayan shekara talatin da shida aka sake. Kwankwaso da Ganduje, da suka yi gwamna da mataimaki har sau biyu, sun raba gari tun 2016, jar hula ta zama alamar ɓangare ɗaya. A Mayun 2019 Majalisar Dokokin Kano, ƙarƙashin shugabancin Kabiru Alhassan Rurum, ɗan wannan yanki, ta zartar da dokar da ta kafa masarautun Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi. Alhaji Tafida Abubakar Ila ya karɓi sanda a matsayin sarki mai daraja ta ɗaya, da ƙananan hukumomi goma a ƙarƙashinsa, har su Tudun Wada da Doguwa da Kiru da Bebeji. Ya rasu a Mayun 2020, Alhaji Kabiru Muhammad Inuwa ya gaje shi. Garin ya ga canji a waɗannan shekaru: hakimai suna zuwa gaisuwa Rano maimakon birni, ana hawan salla a gida, baƙi suna sauka, masu sana'a suna samu. A Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar, ta mayar da Muhammadu Sanusi II gadon Kano. Bayan wata biyu aka dawo da Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi uku, Rano da Kibiya da Bunkure.

Ana iya yin doguwar muhawara a kan ko raba masarautar Kano daidai ne, kuma akwai dattawa masu kishin gargajiya a ɓangarorin biyu. Wasu na ganin ƙasar Dabo ɗaya ce, bai kamata a yanka ta ba. Wasu na cewa Rano ta girmi wannan tsari, haƙƙinta aka mayar mata. Abin da ba su saɓa a kansa ba shi ne ɗacin ganin rawani ya zama abin da ake ɗagawa a sauke gwargwadon wanda ya ci zaɓe. Sau biyu aka ɗaga Rano, sau biyu aka sauke ta, kuma kowane karo asalin abin rigima ce tsakanin mutanen da suka fito daga jam'iyya ɗaya. Wanda ya ga haka da idonsa, in ya ce yana tsoron rabuwar kai, ba karatun littafi yake maimaitawa ba.

Sai dai a nan ne kuma lamarin ya ɗaure masa. A 2021 APC ta Kano ta yi shugabanni biyu, Abdullahi Abbas na ɓangaren gwamna da Ahmadu Haruna Zago na ɓangaren Sanata Ibrahim Shekarau, har sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama a Mayun 2022. A watan ne aka tsayar da Nasiru Yusuf Gawuna da Murtala Sule Garo ta hanyar maslaha, waɗanda suka ga an rufe musu ƙofa kuma suka fice. Rurum yana cikinsu, haka Kawu Sumaila. Suka shiga NNPP, Rurum ya riƙe kujerarsa ta wakilin Rano da Bunkure da Kibiya, Kawu ya kayar da Kabiru Gaya wanda ya yi shekara goma sha shida yana sanatan Kano ta Kudu. A zaɓen shugaban ƙasa Kwankwaso ya ɗauke Kano da 997,279, Tinubu ya sami 517,341, Atiku 131,716. A 2025 Kawu da Rurum suka koma APC, tare da wakilin Ƙaraye da Rogo, yankin da shi ma aka rage wa masarautarsa daraja.

To dattijon da aka koya wa cewa sauya sheƙa abin kunya ne, yaya zai yi? Cikin shekara uku wakilinsa ya tashi daga tsintsiya zuwa kayan marmari ya dawo tsintsiya. In ya tsaya a jam'iyya ya rabu da ɗan garinsu da ya sani, wanda yake iya tararwa a wajen jana'iza ya faɗa masa damuwarsa. In ya bi mutum ya bar gidan da ya yi shekaru yana ginawa. Mafi yawa mutum suka bi, kuma ban ga laifinsu ba. Jam'iyyar da ba ta tambaye shi ba lokacin tsayar da ɗan takara, ba ta da bakin tuhumarsa ranar da ya yi shinkafa da wake a rumfar zaɓe. Zamanin sak ya yi ƙarfi ne lokacin da ake da mutum ɗaya da aka yarda da amanarsa har ake zaɓar duk wanda ya raɓe shi. Wannan mutum, Buhari, ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025, kuma tun kafin rasuwarsa wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 da tsadar taki sun sa da yawa sun fara tambayar abin da sak ɗin ta haifar musu.

A cikin gidajen ma maganar ba ta kwanta ba. Ɗa mai jar hula ko mai bin muhawara a Facebook zai ce wa mahaifinsa, Baba, ku ne kuke ba su dama, kome suka yi sai ku ce a yi haƙuri. Uban zai amsa cewa haƙuri ba wauta ba ne, shi ya ga 1981, ya san abin da hayaniya ke jawowa, kuma wanda ya ƙone gari don an ƙi gwaninsa ba shi da garin da zai mulka. Kowannensu yana da gaskiya a hannunsa. Abin lura shi ne, yanzu uban ba ya iya kare shugabannin jam'iyyarsa da ƙarfin da yake yi a da, sai dai ya kare haƙurin kansa. Matan gidan kuwa, waɗanda su ne ke cika layi tun da hantsi ranar zaɓe, ba a tuna su lokacin fidda gwani ko kaɗan, sai ana saura 'yan kwanaki a aiko da atamfa da taliya.

Wace hanya ce ta fi? Masu son ƙato bayan ƙato suna cewa a bar kowane ɗan jam'iyya ya tsaya a bayan gwaninsa a mazaɓarsa, Kano tana da mazaɓu 484, a ƙirga a gaban jama'a. Dattawa suna tuna an yi irin haka a 1993, lokacin da Bashir Tofa na NRC da Moshood Abiola na SDP suka fito, har Abiola ya ci Kano a zaɓen 12 ga Yuni alhali Tofa ɗan gida ne. Amma suna tuna 2018 ma, da APC ta yi 'yar tinƙe Buhari ba shi da abokin karawa, aka sanar da cewa ya sami ƙuri'a sama da miliyan 2.9 a Kano kaɗai, sannan a babban zaɓen 2019 ya sami 1,464,768. In babu rajistar 'yan jam'iyya ta gaskiya, 'yar tinƙe takan koma rubutun alƙaluma a ɗakin otal. Tsarin daliget kuma, in suka yi kaɗan, sayensu ba ya wuya, kuma labarin dalolin da aka ce sun yi yawo a Abuja a 2022 ya iso har ƙauyukan Kibiya.

Ghana ta gwada faɗaɗa abin. A Nuwamban 2023 jam'iyyar NPP ta can ta bar wakilai kusan 200,000 suka zaɓi Mahamudu Bawumia. Duk da haka Alan Kyerematen ya riga ya fice yana kukan an yi masa rashin adalci, jam'iyyar kuma ta sha kaye a hannun John Mahama a Disambar 2024. Yawan masu zaɓe yana rage cinikin ƙuri'a, amma ba ya hana wanda ya ji an zalunce shi tafiya. A ganina dattijon Rano ya riga masana gano wannan. Bai damu ƙwarai da sunan tsarin ba. Abin da yake nema shi ne a yi taron mazaɓa na gaskiya a Lausu ko Kadigawa, ya ga wanda aka zaɓa daliget da idonsa, ya san gidansu, domin in ya dawo daga Abuja a iya tambayarsa wa ya zaɓa da dalilinsa. Yana kuma son wanda ya ci ya fara neman waɗanda ya kayar tun kafin ya fara neman ƙuri'ar talaka.

Tun a 2025 hankali ya karkata ga 2027. Gwamnonin APC da shugabanninta sun riga sun ayyana goyon bayan Tinubu tun a Mayun 2025, Ganduje ya sauka daga shugabancin jam'iyyar na ƙasa a watan Yuni. 'Yan hamayya sun taru a ADC a watan Yuli ƙarƙashin David Mark, kuma tambayar da aka riƙa yi a majalisun Rano a lokacin ita ce wadda aka saba: in aka yi fidda gwani a tsakanin manyan da suka taru a can, waɗanda suka faɗi za su tsaya? Ana kuma sauraron wanda zai ce wani abu a kan farashin taki da man fetur tun bayan cire tallafi a Mayun 2023, da daɗaɗɗiyar bukatar Jihar Tiga, da matsayin masarauta.

'Yan siyasa suna lissafin wannan mai zaɓe kamar ƙuri'arsa tana aljihunsu, don sun san ba ya zanga-zanga, ba ya zagi a rediyo. Amma yana da hanyar nuna fushinsa, ita ce ya ƙi fita. A 2015 mutanen Kano sama da miliyan biyu suka jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa. A 2023, da masu rajista suka kai kusan miliyan shida, waɗanda suka fito ba su wuce miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da 'yan kai ba, kuma a ƙasa baki ɗaya kashi 27 cikin ɗari ne kawai suka je rumfa, adadi mafi ƙanƙanta tun dawowar mulkin farar hula a 1999.